Asabar Ɗin da Duna Ya Ci Cakulan

A duk shekarun da na yi a asibitin dabbobi na kusa da Sedgefield, ranar da ta fi zama mini a rai ita ce wata Asabar, jajibirin Ista. Ku da kuka fara aiki kwanan nan kun san matsayina: mataimakin likita ne ni. Ni ke auna dabba, in ɗebi jini, in sa ƙarin ruwa, likita kuma ta yanke shawara. A can gida lafiyar shanu na karanta, don haka lokacin da na zo ƙasar Turawan nan ban ɗauki kare a bakin komai ba sai mai gadi.

Wajen ƙarfe goma na safe mai karɓar baƙi ta leƙo ta ce wata tsohuwa ta kawo kare, amma ta rikice, ba a gane abin da take faɗa. Ina fitowa na ji tana cewa, "Wayyo ni, na kashe shi!"

Na ce, "Sannu Mama. Me ya faru?"

Ta ɗago da sauri. "Kai Bahaushe ne? Ɗana, taimake ni."

Sunanta Mama Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, tana zaune nan kusa da mu a East Greensboro. Ta sayo cakulan na yin kek don zumuntar mata ta cocinsu, ta ajiye a kan tebur ta je amsa waya. Kafin ta dawo, karenta Duna ya cinye. Shekararsa goma sha huɗu, baƙi ne, amma bakinsa duk furfura.

A irin wannan hali abu uku muke tambaya: wane irin cakulan ne, nawa ya ci, kuma yaushe. Akwai wani sinadari a cikinsa da jikin kare ba ya iya fitarwa da wuri, sai ya sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Mai ɗacin nan na yin kek shi ya fi haɗari, kuma shi Duna ya ci. Allah ya taimaka ta taho da takardar cakulan ɗin, kuma ba a yi awa guda ba.

Likita ta yi masa allurar amai, muka ɗura masa ruwan gawayi don ya kama ragowar gubar, na sa masa ƙarin ruwa. Da ta saurari ƙirjinsa ta daɗe, sannan ta ce mini, "Isiyaku, gaya mata gaskiya. Cakulan za mu iya da shi. Amma zuciyarsa ta riga ta gaji tun kafin yau."

Na samu Mama a ɗakin jira na faɗa mata. Ta share ido da bakin zaninta ta ce, "Malam, don Allah kada mutanenmu su ji ka gan ni ina kuka a kan kare. Dariya za su yi."

Na ce babu mai ji. Sai ta ba ni labari. Marigayi mijinta ne ya kawo Duna yana ɗan kwikwiyo, ita kuwa har faɗa ta yi a kan kada ya shiga falo. Da maigidan ya rasu, 'ya'ya kuma kowa na jiharsa, Duna ne ke tashinta kullum da safe su zaga unguwa. Ta ce, "In ba don shi ba, da sai in yi mako ban taka waje ba."

Ranar Litinin Duna ya koma gida da ƙafarsa, da maganin zuciya. Ya ƙara wata bakwai, kuma duk wata tana kawo shi awo, mu gaisa, ta tambayi iyalina.

Da sanyi ya fara shigowa ta kawo shi a nannaɗe cikin bargo. Ba ya iya tsayawa, numfashi da ƙyar. Likita ta yi mata bayani, Mama da kanta ta zaɓi a yi masa allurar da za ta hutar da shi. Ta roƙa in tsaya. Ta ɗora kansa a cinyarta tana shafa kunnensa har ya yi shiru.

Bayan ɗan lokaci ta ce, "Cakulan ɗin nan ne, ko?"

Ashe wata bakwai tana ɗauke da wannan a ranta, mu ba mu sani ba. Na kira likita, ta zauna kusa da ita, ta nuna mata hoton zuciyar, ta ce tsufa ne kawai, kuma saurin da Mama ta yi ta kawo shi ran nan ne ya ba shi waɗannan watannin. Na maimaita mata da Hausa don ya shiga sosai. Mama ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, na gode wa Allah. Ya yi zamansa lafiya." Ta fita tana tafiya a miƙe.

Tun daga ranar na gane cewa marasa lafiya biyu ke shigo mana ta ƙofar nan, ɗaya ne kawai ke hawa teburin awo. Ku kula da dabbar yadda aka koya muku, amma kada ku bar mai ita ya tafi gida da laifin da ba nasa ba. In bai tambaya ba, ku faɗa masa.