Ƙugiyar da Ta Ɓace

Ƙanin mijina, wanda unguwa ke kira Mai Fenti, ya shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna. Tun marigayi yayansa na da rai nake ganinsa a rumfarsa, gwangwanaye jere, fensir a bayan kunne. Harafinsa sumul yake fita, ko ɗigo babu.

Bara hannunsa ya soma rawa. Duk layin da ya ja sai ya fito da kaushi, kamar ɓera ya gaigaye gefensa. Ya wanke burusansa, ya ɗaure su da roba, ya dawo zaman gida.

"Matar yaya, tawa ta ƙare," ya ce min.

"Taka ta ƙare kana tashi da kwano biyu?"

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ni dai ina sa shi a addu'a.

Autarsa tana aiki a gidan buga takardu, ita ke tsara rubutu a kwamfuta. Wata safiya ta shigo da ƙaton ƙyalle a naɗe, idonta ya yi ja. Wani mai masauki ne ya ba su aiki, yana son manyan haruffa masu kauri da kaushi, wai su ake yayi. Ta shimfiɗa a tsakar gida. Ni da karatuna bai yi nisa ba, sai da na riƙe haɓa: MARABA DA BAKI.

"To," in ji uban, "hanci da kunne su koma gida ke nan?"

"Baba, ba wasa ba ne! Baƙi ake nufi. Wannan salon rubutun ba shi da ƙa mai ƙugiya a kwamfuta, kuma da la'asar za a rataya. Ka sa min ƙugiyar."

"Da wannan hannun? Ɓata miki zan yi."

"Dubi sauran haruffan mana. Ai da gangan aka ɓata su."

Ya daɗe yana kallo. Na shige ɗaki na ɗauko masa burusan. Ya durƙusa, ya yi bisimilla. Hannun na karkarwa, fentin na tsallake saƙar ƙyallen, ƙugiyar ta fito da kaushi, sak 'yan uwanta. Ka rantse uwa ɗaya ta haife su.

Auta ta yi tsalle. "Baba, duka za ka rubuta min, har ɓa da ɗa! In ɗauki hotonsu in zuba a kwamfuta."

"Ikon Allah. Abin da na tsufa ina gudu, shi ake nema?"

Cikin sati ya buɗe rumfa. Jiya na leƙa, na tarar da shi yana hararar wani allo, fuska a ɗaure.

"Lafiya?"

"Ina fa lafiya, matar yaya. Maganin likitan nan na sha, hannun ya nutsu. Dubi yadda harafin ya fito sumul, wa zai so wannan?"