Likita Irmiya da Takardar Zariya

Duk wanda ya yi jinya a Haɗeja a shekarun nan ya san Likita Irmiya, ko da bai san sunansa ba. To, wa ma yake kiran sunan? Likita kawai ake cewa. Mutumin Pankshin ne, dogo, mai ɗan ranƙwafawa. Bautar ƙasa ta kawo shi a 1983, ya ce shekara ɗaya zai yi, sai ga shi ya share goma sha uku. Matarsa Dibora ta jure zafin Haɗeja shekara huɗu, daga nan ta kwashi yara ta koma Jos koyarwa. Tun lokacin shi kaɗai yake cin tuwonsa a gidan ma'aikata, rediyo na ta surutu ba mai amsa mata.

Aikinsa kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma akwai cutar da take karya masa gwiwa, wato sankarar jini. Da ya ga tafin hannu ya yi fari fat, dasashi na zubar da jini, saifa ta kumbura, sai ya gane ita ce tun kafin ya duba jinin a madubin gwaji. A wancan zamani likitoci suna da tsari, shi ma a kansa ya tashi: ba a gaya wa majinyaci. Sai a ja babban namiji na gidan gefe a raɗa masa, sannan a rubuta takarda zuwa babban asibiti a Zariya. Wanda cutar ba ta yi nisa da shi ba, takardar kan yi masa rana. Wanda ta riga ta ci ƙarfinsa kuwa, gaskiya likita kawai takardar take ceto, don ta ɗauke masa nauyin magana.

A daminar 1988 aka kawo masa Fannami, masunci daga wani ƙauye a bayan Auyo. Cutar ta gama da shi, wata guda ma da ƙyar. Irmiya ya leƙa baranda neman namijin da zai ja gefe, bai ga kowa ba sai matarsa Saude, tana riƙe da ƙullin tabarma. Ya ce a ransa, wannan maganar ba ta mace ba ce. Ya zaro alƙalami.

Fannami ya karɓi takardar hannu biyu, ya ce, "Likita, zan dawo kuwa?"

"Za ka dawo, da yardar Allah."

"To, alhamdu lillahi. Akwai maganar da zan kai wa yayana Haladu. Na so in biya ta wajensa yanzu, amma ba na son ya gan ni a haka, ya ce ciwo ne ya koro ni. Bari in warke, in je masa da ƙafata."

Irmiya ya ji maganar nan sarai. Ya gyara gilashi, ya kira na gaba.

Kwana goma sha tara Fannami ya yi a Zariya. Likitocin can sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma wa yake tare ruwa da kwando? A can aka binne shi, waɗanda suka sallace shi ko sunan ƙauyensu ba su sani ba.

Da Saude ta fita takaba sai ta zo asibiti, ta bi layi kamar mai neman magani. Da aka zo kanta ta ƙi zama.

"Likita, ranar da ka ba mu takarda, ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

"Shekara shida maigidana ba ya ga maciji da yayansa, a kan tafkin da mahaifinsu ya bari, wai wa zai fara jefa koma ya kama kifi. Uwa ɗaya uba ɗaya fa! Mu nan, in mutum ya ga tafiya ta zo, gida-gida yake bi yana neman gafara, ko a jirgi ne sai an kai shi. Rai na Allah ne, ban ce kai ka ɗauka ba. Amma kwana goma sha taran nan nasa ne, Likita, kai ka ɗauke masa."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi ta fita.

Daga ranar Irmiya ya sake hali. Wanda yake da sauran dama, musamman yara, yana rubuta masa takarda har ya raka shi tasha. Wanda ba shi da ita kuwa, sai ya rufe ƙofa, ya jawo kujera, ya tambaye shi ko yana son jin gaskiya. In ya ce e, ya gaya masa a hankali. Ya ba shi maganin rage zogi, ya ƙara masa jini in hakan zai ba shi ƙarfin tafiya, ya ce ya koma cikin mutanensa. Ranar Asabar kuma ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi su ƙauyuka da jakar allura.

Kada ka ɗauka an yaba masa. Ina! Abokin aikinsa Likita Abdulwahid, matashi mai ƙwazo, ya sha tare shi a ɗakin shan shayi.

"Yallaɓai, mu fa ba mu san gaibu ba. Likita ba ya ajiye makami. In ka cire wa mutum tsammani, ka kashe shi kafin cutar."

"Ban taɓa yanka wa kowa rana ba," in ji Irmiya. "Abin da na gani a jini nake faɗa. Sallamar mutum gida ma aiki ne, ba a dai koya mana shi ba."

Kowa ya tsaya a kan bakansa, kuma Abdulwahid ba mugu ba ne, shi ma tausayin ne yake ja da shi. Sai dai gari ya bi bayan Abdulwahid. Aka sa wa Irmiya suna Likita Mai Baƙin Baki. Bencin ƙofarsa ya riƙa zama fayau, na maƙwabcinsa har ana tsayuwa. Ko a coci, in ya tambayi mutum ya jiki, sai ka ga an yi saurin cewa lafiya lau an ja baya. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ba kuwa wanda zai gaya wa.

Abin da ya fi cin sa shi ne maganar Fannami. Ta zame masa amana a wuya. Shekara takwas yana wuce mararrabar ƙauyen nan a babur, kullum sai ya ce mako mai zuwa. Mai gaya wa mutane gaskiya, ga shi tasa ta gagare shi.

A 1996 ya ajiye aiki zai koma Jos. Saura kwana uku motar kaya ta zo, ya ga in bai je yanzu ba, ya zama Fannami na biyu. Watan Agusta ne, ruwa ya shafe hanya, shinkafa sai kunnuwanta ake gani. Ya jingine babur a gindin wata giginya, ya shiga jirgin fito.

Ya tarar da Haladu a inuwa yana ɗinkin koma, tsoho, gemu fari. Bayan gaisuwa Irmiya ya durƙusa, ya ce, "Baba, ni ne likitan da ya tura ƙaninka Zariya. Na zo da saƙonsa, na makara da shi shekara takwas." Ya faɗi maganar yadda ya ji ta, bai rage ba, har da cewa shi likita ya san Fannami ba zai dawo ba.

Haladu ya ajiye zaren. 

"Ranar da za su tafi, na je tashar Haɗeja," in ji shi. "Na laɓe a bayan wata motar buhuna, ina ganinsa a cikin tasu motar, an jingina shi da taga. Tsakanina da shi bai fi daga nan zuwa rumbun can ba. Na ɗaga ƙafa zan je, sai wani ɗan garinmu ya ce mini, ai likita ya ce zai dawo. Na ce to, bari ya warke, kada a ce sai da na ga ya kwanta na zo. Na juya na hau jirgina."

Ya nuna wani tafki da haɓa, ciyawa ta rufe shi ruf. "Ga abin da muka yi faɗa a kai. Tun ranar ban sake jefa koma a ciki ba."

Irmiya ya ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe maka, Likita, duniya da lahira. Tashi, ƙasa da laima."

Tsohon da kansa ya ɗauki gora ya tura jirgi ya fito da shi. Suka iso gindin giginya. Irmiya ya sauka, ya juyo zai yi godiya, sai ya ga hawaye na bin gemun tsohon.

"Kai ka ji daɗi, Likita," in ji Haladu. "Ka sami wanda za ka zo wa. Ni fa, wa zan je wa?"