Gishirin Tak Geumsun

A shekarar 1953 na fara ganin Tak Geumsun. Yaƙi ne ya koro ta daga arewa, da ɗanta Deoksu a goye. Lokacin ina koyarwa a makarantar mishan ta ƙauyenmu, kusa da birnin Mokpo. Fasto ya ba ta ɗakin bayan majami'a, ita ke shara da ɗebo ruwa. Mace ce mai aiki kamar ba ta san gajiya ba, sai dai bakinta ba ya iya furta "na gode".

Da sanyi ya matso, zumuntar mata suka taru don haɗa kimchin ikilisiya, wato kabejin da ake sa wa gishiri a adana a randuna, wanda gidan fasto da marayu ke ci har bazara. Geumsun ta karɓe aikin sa wa kabeji gishiri.

"Ƙara gishiri, Maman Deoksu," in ji Bang Malrye, shugabar zumunta. "Nan ba garinku ba ne, inda yawu ke daskarewa kafin ya kai ƙasa."

"Yaya, kabeji za mu ci ko ruwan teku? Ku mutanen kudu harshenku ya mutu."

Ta yi yadda ake yi a garinsu. Sanyinmu kuwa bai kai nasu ba. Kafin Kirsimeti kabejin ya yi tsami, ya narke a randuna. Matan nan kowacce ta ɗebo daga randar gidanta suka cika na ikilisiya, 'ya'yansu suka ƙarasa sanyin da gayan sha'ir.

Kalma ɗaya suke jira daga Geumsun. Na same ta tana shara.

"'Yar'uwa, ki tashi ranar Lahadi ki gode musu. Zumunta na neman watsewa."

"Malam, godiya ana cin shinkafa da ita ne?"

Na kawo mata ayoyi, na yi lallashi, na yi faɗa. A banza. Malrye ta daina zama benci ɗaya da ita, mata uku suka koma majami'ar ƙetaren kogi, ba su dawo ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mene ne wuyar buɗe baki?

A shekarar da shanyewar jiki ta kwantar da Malrye, 'ya'yanta duk suna Seoul, babu mai haɗa mata kimchin sanyi. Na je gaishe ta, na tarar an binne randunanta a tsakar gida, cike taf da kimchi.

"Wa ya yi miki wannan aiki, Yaya?"

"Wa kuwa? Waccan mai taurin kan. Ta wuni nan tana yanka kabeji, ko sannu da jiki ba ta ce min ba. Ɗanɗana ka ji."

Na ɗanɗana, sai da na yi tari.

"Ka gaya mata gishirin ya yi yawa," in ji Malrye, tana goge ido da hannun da ke motsi.

Ban gaya mata ba.