Ranar da Kalangu Ya Shiga Ɗakin Haihuwa

Akwai wata ranar kasuwa a tsakiyar damina da har yau ta ƙi fita daga raina. Ba zan rantse a kan shekarar ba, na dai san ba a daɗe da ba mu jiha ba, kuma ba a fara sa wa kiɗa ido a Zamfara ba tukuna. Ina sabuwar gama karatun jinya da ungozoma, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gummi, dab da fadama. Ni kaɗai ce mai digiri a wurin, abin da bai ƙare ni da komai ba sai ƙarin aiki, domin duk abin da ya zo da Turanci mai yawa ni ake miƙa wa.

Shugabarmu ita ce Metiron, wato babbar jami'ar jinya, wadda komai na ɗakin haihuwa yake hannunta, tun daga jadawalin aiki har zuwa makullin kabad. Wata ƙungiya daga waje ta gayyace ta bita a wani otal a birni. Ta dawo da jaka mai tambari, da rikoda mai baki biyu, wato mai cin kaset biyu, da kaset guda, da wani kati. Ta tara mu ta ce kimiyya ta gano cewa sauti mai daɗi yana rage wa mace zafin naƙuda, musamman mai haihuwar fari, kuma asibitinmu aka zaɓa a gwada. Ni na karanta wani abu mai kama da haka a makaranta, saboda haka ban musa ba. Ban kuma gaskata duka ba. Na dai ce mai yiwuwa ne, sai Metiron ta ɗauki wannan a matsayin na karɓi aikin.

Ga yadda tsarin yake, don waɗanda ba su taɓa gani ba. Idan mai cikin fari ta zo da naƙuda, sai a nuna mata katin. An zana fuskoki a jere, daga mai murmushi har zuwa mai sharɓar kuka, ta nuna wadda ta yi kama da abin da take ji. Sai a kunna kaset ƙasa-ƙasa, don an ja kunne cewa kada muryar ta wuce ta mai raɗa. Bayan an jima a sake nuna mata katin a ga ko ta matsa wajen murmushi.

Matsala ta farko kaset ɗin ne. Ƙarar ruwan teku ce aka ɗauka, da wani ɗan kiɗan Turawa mai sanyi a bayanta. Wanda ya tsara shi na tabbata mutumin kirki ne, amma bai taɓa noma shinkafa a bakin gulbi ba. Mace ta farko da na kunna wa ta yunƙura za ta sauko daga gado, tana tambaya ko gulbi ne ya kawo, don gonar mijinta tana can ƙasa. Wata kuma ta ce ita fitsari yake sa ta ji.

Matsala ta biyu ta fi girma. Duk wadda na nuna wa katin, fuska mai murmushi take nunawa. Gumi yana zuba, ta kama ƙarfen gado har yana girgiza, amma yatsanta yana kan murmushi. A kunna teku, a sake tambaya, murmushi. Na kai wa Metiron damuwata, na ce ina jin kamar awon nan ba ya auna komai. Ta ce ai wannan shi ne nasara, tunda babu wadda ta nuna kuka, in ci gaba.

Ni na san dalili, kowa ma ya sani, Metiron ma a nan aka haife ta. A wajenmu, mace ba ta kuka a haihuwa, balle ta fari. Wadda aka ji muryarta ta shiga uku da abokan wasa. Ranar suna za a sami mai kwaikwayon kukan nata a tsakar gida, ana tafi ana shewa, kuma abin zai bi ta har ta aurar da wanda ta haifa. Ɗakin haihuwarmu kuwa tagarsa tana kallon barandar da 'yan rakiya suke zama, kuma gilashinta ya daɗe da fashewa. Ko tari ka yi a ciki, na waje zai ce maka sannu.

A ranar da nake ba ku labari, da hantsi aka kawo Balkisu daga wani ƙauye a hayin fadama. Mace ce tsayayya, sana'arta turara shinkafa, cikin fari. Gwaggonta ce ta kawo ta, wata doguwar tsohuwa da ba ta amsa gaisuwa sai ta gama kallonka, tare da ƙannen mijinta mata biyu masu ido a tsaye. Suka shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin tagar.

Na duba ta yadda aka saba. Na auna jini, na shafa ciki na ji kwanciyar yaron, na kara ɗan ƙahon da muke sauraron bugun zuciyar jariri da shi. Komai lafiya. Na nuna kati, ta nuna murmushi. Na kunna teku.

Har azahar ta gota abu bai ci gaba yadda nake so ba. Duk lokacin da ciwo ya taso, sai Balkisu ta cusa bakin zane a baki, ta riƙe numfashi, ta sandare kamar itace. Leɓenta ya fashe yana jini. Na yi ta ce mata ta saki jiki ta ja numfashi, tana gyaɗa kai, tana ci gaba da abin da take yi. Hankalina ya soma tashi. Idan ta gaji kafin lokaci, dole a kai ta babban asibiti, hanya kuwa ruwa ya cinye ta, motar da za ta yarda ta bi sai an roƙa. Na taɓa ganin abin da irin wannan tafiya take yi wa mace, ba na so in sake gani.

Ina gyara mata matashi sai ta damƙe wuyan hannuna, ta jawo ni har kunnena ya kusa taɓa bakinta.

"Sista, wanga akwati ba ya da muryar da ta hi wagga?"

Na fara yi mata bayani cewa ƙa'ida ce a bar shi ƙasa-ƙasa, don kada ya dame ta. Ta girgiza kai, ta yi nuni da tagar da ido.

"Gwaggo na nan, da waɗancan yaran biyu. Abin ya cika min ƙirji, Sista. Ki ƙara mai murya in samu in yi kuwwa."

Na tsaya ina tunanin abin da zan faɗa idan aka tambaye ni. Sannan na murɗa, na ƙara muryar. Amma teku ko an ƙure shi bai wuce shuuu ba, ko akuya ba zai rufe wa baki ba. Balkisu ta buɗe baki, ta saurara, ta mayar da zanenta.

Na ce muku rikodar mai baki biyu ce. Metiron takan tafi da ita gida ranar Juma'a, wai don tsaro, ta dawo da ita ranar Litinin. Ban taɓa buɗe baki na biyu ba, don ba a ce in buɗe ba. Ranar na hango kaset a ciki. Ban san ko na mene ne ba, na yi bisimilla na danna.

Kalangu ya tashi kamar rufin zai yaye. Ashe kaset ɗin bikin ƙanen Metiron ne, an ɗauka daidai lokacin da fili ya yi zafi, ga guɗa, ga maroƙi. Balkisu ba ta jira an ce mata komai ba. Ta tofar da zanen ta saki wata irin ƙara wadda na ji ta a haƙorana. Ta kira Allah, ta kira Innarta, ta faɗi wasu abubuwa game da mijinta da danginsa waɗanda aikina bai ba ni damar maimaitawa ba. Tsakanin wannan da wancan kuwa sai ga ta tana numfashi sosai, kafaɗunta sun sauka.

Wahalar ita ce ba a jin zuciyar jariri a cikin kalangu. Sai muka yi yarjejeniya ba tare da magana ba. Idan ciwo ya lafa in ɗaga mata yatsa, ta yi shiru, in kashe, in kara ƙaho in saurara, in sake kunnawa. Na waje suna jin biki yana tsayawa yana tashi.

Ana cikin haka maroƙin ya iso kan Metiron. Asibiti duka, har masu jiran katin ganin likita, suka ji ana kiranta uwar marasa lafiya, hasken dangi, wadda allurarta ba ta zafi. Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, sai ga ta, hula a karkace. Ta nufi rikodar da yatsa a miƙe. Daidai nan ciwo ya sake tasowa, Balkisu ta saki wata. Metiron ta tsaya da yatsanta a sama, ta dubi Balkisu, ta dubi taga. Har yau ban sani ba ko tausayi ne ya riƙe ta ko kirarin ne bai ƙare ba. Ta dai bar shi, ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta ce da ni, "Matsa, kin tsaya kamar an dasa ki."

Kafin la'asar ta yi sanyi Balkisu ta haifi 'ya mace, lafiya lau. Ba zan ce kuwwar ce ta sauko da ita ba, don ban da hujja, wataƙila dama lokacinta ne ya yi. Abin da na gani ke nan kawai.

Da muka gyara su aka ba 'yan rakiya izinin shiga. Ƙannen miji suka shigo suna mita, wai ma'aikata suna shagali 'yar mutane tana kan gwiwa. Ɗaya ta tambayi Balkisu yaya jiki. Ta buɗe baki za ta amsa, babu murya, ta dushe ƙurmus. Yaran suka kalli juna, na ga ƙaramar ta fara murmushi. Gwaggo ta juyo gare ni ta tambayi abin da ya sami muryar ɗiyarta.

Ni ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba, kuma ba na son ƙarya. Na ce yakan faru, musamman a damina, wani lokaci ma ba a san dalili ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallona.

"Yakan hwaru," in ji ta. "Ni ma haihuwata ta hwari haka tawa ta dushe. Ranar kuwa Inna ta sa anka hiddo duk turamen gidanmu, anka yi ta dakan gero hal na sauka. Hura munka sha hat ta gundure mu." Sannan ta juya ga yaran ta ce, "Ku kun ji wani abu?"

Suka ce ba su ji ba. Ta ce ita ma haka, ɗiyar gidansu ko uffan ba ta ce ba, kuma haka za a faɗa a gida.

Washegari Metiron ta kira ni ofis ta gargaɗe ni a kan taɓa kayan da ba nawa ba. Rahoton da ta aika wa ƙungiyar ya ce mata sun karɓi shirin hannu biyu, wanda gaskiya ne, don daga nan masu cikin fari suka riƙa zuwa daga nesa suna tambayar ɗakin kiɗa. Ba ta faɗi ko wane kaset ba ne, ba a kuma tambaye ta ba.

Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ga abin da nake jin na koya, in ban yi kuskure ba. Mutanenmu ba su hana mace kuka ba, ji ne suka hana, kuma tun kafin a haife mu sun san yadda za su yi kada su ji. Mu ne muka ɗauko ta daga gida muka ba ta gado da allura, muka bar turamen a can. Saboda haka idan mai naƙuda ta ce muku ba ta jin komai, kada ku yi saurin yaba mata. Ku fara leƙawa ku ga wa ke zaune a bakin taga.