Mamatkul, Jagoran Hanyar Tafkin Gishiri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 11 ga Fabrairu, Allah Ya karɓi ran Mamatkul Orozbai a gidansa da ke ƙauyen Alicur, can cikin tsaunuka masu sanyi, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Shekararsa saba'in da huɗu.

Mamatkul-ake, wato yaya Mamatkul a harshenku, shekara talatin ke nan da aka turo ni ƙauyenku aikin likitan dabbobi. Na tarar tumaki suna lasar ƙasa suna ramewa, don motar gishiri ta daina hawowa. Kai ka ce mu je tafkin Tuz-Kul mu ɗebo da hannunmu. Kwana biyu muna hawan dutse da shanun dako shida. Da muka isa, ba hayaƙi, ba tsuntsu, sai farin gishiri kewaye da ruwa yana ƙyalli, iska tana yankan fuska. Ka miƙo mini baƙin ƙyalle in kare idona, na ƙi.

Ka ce, “Likita, boko ba ya hana makanta fa.”

Washegari na tashi ko tafin hannuna ba na gani, ƙyallin gishirin ya kashe mini ido, ga dusar ƙanƙara ta sauko. Ka zubar da buhu biyu na gishiri, ka ɗaure ni a bayan ɗaya daga cikin shanun, kai kuma ka ja mu a ƙasa, ƙanƙara har gwiwa. Ina kuka kana cewa, “Yi shiru, ɗan birni, kada shanu su raina ka.” Yatsun ƙafarka uku suka mutu saboda sanyi a wannan tafiya. Da idona ya buɗe, ni na yanke su. Duk wanda ya tambaya, cewa kake takalmi ne ya matse ka.

Bara da kaka ka aika aka kira ni. Ka ce, “Kai ni in ga tafkin nan, ko daga cikin mota ne.” Na ce aiki ya yi mini yawa, mu bari sai bazara. Ka ce, “To, Likita,” ka ƙara mini shayi. Na ji yadda numfashinka yake fita ranar. Na fi kowa sanin ma'anarsa, amma na tashi na tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Burulkan, da 'ya'yanka Saparbek da Aijamal, da dukan makiyayan Alicur. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma, yayana, ban samu na roƙe ka gafara kana da rai ba. Ka yafe mini.