Dada Asta, Wadda Ta Ara Mana Tsufanta

Dada Asta, labarin rasuwarki ya same ni ranar Talata, 11 ga Fabrairu, ina cikin aji. Ɗanki Nu'uman ne ya kira ni daga unguwar Damilu, ya ce har an kai ki makwancinki. Na Allah muke, kin dai riga mu komawa gare Shi.

Na san ki a shekarar da 'yan ta'adda suka kama Mubi, kika iso Yola a bayan motar kaya. Tsofaffi sun cika asibitoci a lokacin, ɗalibaina na aikin jinya kuma suna juya su kamar buhun masara. Na shiga Damilu neman dattijuwar da za ta riƙa kwanciya a gadon ajinmu tana yin kamar marar lafiya, yara su koya a kanta kafin su taɓa masu ciwon gaske. Kowa ya ƙi, wai kiran ciwo ne. Ke kika ce, "Malama Selina, tsufa dai ina da shi, ba abin da nake yi da shi. Mu je."

Kin iya abinki. Yau ki zama kurma, gobe ki manta sunanki, jibi ki ɓoye ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe. Ranar da wani ɗalibi, Mu'tasim, ya yaye miki zane bai nemi izini ba, kika buge hannunsa kika ce, "Haka za ka yi wa kakarka?" Ya durƙusa ya ba ki haƙuri. Tun daga nan kike kiransa angonki, kina ƙullo masa gyaɗa a bakin mayafi.

A bikin yaye ɗalibai, shugaban makaranta ya tsayar da ke gaban jama'a ya ce ke uwarmu ce, duk ranar da kika kwanta ciwo nauyinki yana kanmu. Aka yi tafi. Bayan 'yan shekaru aka kawo mutum-mutumin roba mai numfashi da tari, ya maye gurbinki. Ba wanda ya je ya sallame ki. Mai gadi ne ya faɗa miki a bakin ƙofa cewa an daina bukatarki. Na yi magana a taron malamai, aka ce zamani ya wuce nan.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama ki, Nu'uman ya yi ta sintiri ofishin shugaban, kullum wai yana taro. Amma ba wannan ya fi ƙona mini rai ba. Ɗakin asibitin da aka kwantar da ke, Mu'tasim ne babban ma'aikacin jinya a cikinsa. Ina zaune ya shigo. Bai gaishe ki ba. Ya dubi Nu'uman ya ce, "Tsohuwar ta ci abinci?" kamar ba kya wurin. Kika yi ta ƙoƙarin kiran sunansa da bakin da ya karkace, ya wuce gado na gaba. Na tare shi a ƙofa, ya ce, "Malama, nan aiki ake yi, ba wasan makaranta ba."

Kin ji shi. Kika juya fuska bango, washegari kika sa aka mayar da ke gida.

Allah ya jiƙan ki, Dada, ya haskaka kabarinki, ya biya ki abin da muka hana ki. Ina miƙa ta'aziyya ga Nu'uman da matarsa Mairo da jikokinki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Nu'uman ya ce kafin ki cika kin yafe wa kowa, har da angon naki. Allah ya ba ni irin zuciyarki, domin ni har yanzu ban yafe ba.

Selina Zadok, Jimeta.