Allurar Tukunyar Gidan Clifford

Shekara arba'in da ɗaya Clifford Ackroyd ya yi yana gyaran tukunyar ɗumama gida a garinmu Batley, kuma ban taɓa jin ya yi wa kowa ƙarya a kan aikinsa ba. Bakinsa dai ba daɗi. Bango ɗaya ya raba gidana da nasa, don haka ni na fi kowa shan sa. Sai ya dubi ɗan agogon awon ƙarfin ruwa da ke gaban tukunya, ya ga inda allura ta tsaya, ya ce, "Tukunyarki lafiyarta lau, Muriel. Mai ita ce ba kai."

A wurinsa abin a fili yake. In allura tana faɗuwa, ruwa na yoyo a wani wuri, sai a bi bututu a nemo. In tana hawa kan jar alama, ko dai 'yar tankin iskar da ke ciki ta mutu, ko wani ya buɗe famfon ƙara ruwa ya manta bai rufe ba. Na biyun ya fi ba shi haushi. A gidansa matarsa Enid kaɗai ya yarda ta taɓa famfon nan. Tun suna sabon aure ya koya mata duba allura kowace safiya, in ta sauka ta buɗe, ta kuma rufe. Da ita yake yi mana gori.

A sanyin da ya biyo bayan ya ajiye aiki, na ga ruwa na ɗiga daga ɗan bututun da ke bangonsu ta waje, har ya daskare a bakin ƙofa.

"Yau kuma gidan mai gyara ne ke zuba?" na ce.

"Ki kula da naki," ya ce.

Ya rage ruwa, allura ta sauka. Washegari ta koma ja. Ya gwada tankin iska, lafiya lau. Ya sake sabon famfo, a banza. Mako uku yana wannan wahala, mutumin da ke gano cutar tukunya kafin shayinsa ya huce. Ya san dalilin sarai, so yake dai ya zama wani abu ne daban.

Abin da yake tsoro shi ne 'yarsu Gillian. Tun da Enid ta manta miya a kan wuta har kicin ya cika da hayaƙi, Gillian ta ce in aka ƙara ko sau ɗaya, gidan kula da tsofaffi za a kai uwar.

Wata safiya ya laɓe bayan ƙofar kicin. Enid ta zo ta buɗe famfon, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta juya ta tafi ciyar da kyanwarsu da ta mutu shekara biyu da suka wuce. Ni kaɗai ya faɗa wa abin da ya gani.

Ranar Lahadi Gillian ta zame a kan ƙanƙarar nan, ta shigo tana ɗingishi. Ina zaune a kicin ɗinsu ina shan shayi.

"Baba, Mama ce ko?"

"Ni ne," ya ce. "Na ɗaura famfo a karkace. Hannu ya tsufa."

Na kusa ƙwarewa. Zuciyata ta yi baƙi ƙwarai, amma ban tona shi ba. Kafin mako ya zagayo unguwa ta ji Clifford ya lalace, masu zuwa neman shawara suka ɗauke ƙafa. Shi kuwa ya kwance kan famfon, ɗan ƙarfen da ake murɗawa, ya jefa a aljihu, allura ta zauna wuri ɗaya.

Bayan kwana goma na kai musu burodi da safe. Na tarar da Enid a durƙushe tana lalube ƙarƙashin tukunya, shi yana tsaye a kanta. Ta ɗago ta dube shi.

"Bawan Allah, kai ne mai gyaran? An cire min famfo. Don Allah ka mayar kafin mijina ya dawo, ba ya son a taɓa masa tukunya."

Ya sa hannu a aljihu, ya daɗe bai fitar ba.

"To, zan jira shi," ya ce.

Da rana shi da kansa ya kira Gillian ya faɗa mata gaskiya. Enid tana can gidan tsofaffin yanzu. Ɗan ƙarfen nan har yau yana aljihunsa, ina jin ƙararsa cikin makullai in ya fito zai je wurinta.